TSIRYA BA TA GUDUN SANYI

Masu sayar da tsuntsaye sukan kira kowane ɗan koren aku tsirya, amma iri biyu ne. Ƙaramin da Turawa ke kira bajarigar ɗan Ostireliya ne, John Gould ya kai shi Ingila a 1840. Tsirya kuwa 'yar ƙasa ce, akwai ta kuma a Indiya. Waɗanda suka kuɓuce daga keji a Ingila sun jure ƙanƙara, suna hayayyafa tun wajen 1969, har sun cika Landan. To, tsuntsuwar da sanyin Ingila bai kashe ba, hunturu ba zai raba ta da dawa ba. Lalle manomi ya tsare gonarsa, ɗan kasuwa kuma ya kulle kejinsa.