Wa Ya Fi Iya Sanɗa a Wasan Dungeons & Dragons: Ɓarawo, Maharbi ko Boka?

Yau za mu ajiye maganar saitin waya, mu taɓa wasan da ba ya cin data. Duk wanda ya ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu, ya san amfanin abin ɗebe kewa da ba ya jiran sabis.

Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda. In za ka yi abu mai haɗari, sai ka jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, a haɗa da makin gwanintarka. Ba a sa kuɗi, labari ne kawai da lissafi.

To a ce mai labari ya ce ku biyar za ku shiga birni mai ganuwa irin Alkalawa ta zamanin Bawa Jan Gwarzo, cikin dare, ba tare da masu tsaron ƙofa sun ji ku ba. Wa za ka ɗauka? Ga yadda suke a dokokin 2014.

1. Rogue, mu ce masa Ɓarawo. Tun matakin farko ana ninka masa makin gwaninta a sanɗa, a mataki na 2 kuma yana iya kai sara ya ɓuya a zagaye ɗaya. A mataki na 3 makinsa kan kai 7. Shi kaɗai, babu kamarsa.

2. Ranger, wato Maharbi. Ya fi Ɓarawo jure duka, ya san daji da bin sawu. Amma sai ya kai mataki na 5 yake samun Pass without Trace, wadda za mu kira layar zana.

3. Monk na tafarkin inuwa, irin 'yan kunfu na finafinan Sin. Yana da layar zana tun mataki na 3, sai dai tana cinye biyu daga cikin makin ƙarfinsa uku. A mataki na 6 yana tsallake ƙafa 60 daga duhu zuwa duhu.

4. Druid, Bokan daji. Shi ma yana samun layar a mataki na 3, kuma tun mataki na 2 yana iya rikiɗa ya zama ɓera.

Mafi yawan sababbin 'yan wasa Ɓarawo suke ruga wa. Ni kam ra'ayina, in tare za ku tafi, Boka ya fi shi. Dalili? Layar zana tana ƙara maki 10 ga duk abokin da ke cikin ƙafa 30, har tsawon awa ɗaya.

Ka duba lissafin. Abokinka mai sulken ƙarfe ba shi da makin sanɗa ko ɗaya, kuma doka ta ce ya jefa sau biyu a ɗauki ƙaramin. In ana neman 12, damar tsallakewarsa kusan 20 ce cikin 100. Da layar zana sai ta haura zuwa 90. Ka gane? Gwanintar Ɓarawo ba ta hana sulken wani yin ƙara, kuma da mai gadi ya ji mutum ɗaya, asirin kowa ya tonu.

Wani zai ce ai Ɓarawo sai ya shiga shi kaɗai ya buɗe ƙofa. Haka ne, kuma shi ya fi iya buɗe kwaɗo da gano tarko. Layar ma tana da rauni, in aka bugi Boka hankalinsa ya rabu, tana iya karyewa. Amma ka tuna me ke faruwa a kan tabarma: mutum ɗaya yana wasa rabin awa, huɗu sun zuba tagumi. Gobe ka kira su, wallahi biyu ba za su zo ba. Mu da muka san tafiyar ayari a hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ba sai an gaya mana ba cewa wanda ya isa shi kaɗai ya bar 'yan uwa a baya bai isa ba tukuna.

In kana son gwadawa, nemi takardar SRD 5.1 da kamfanin Wizards of the Coast ya saki kyauta. Ɓarawo, Maharbi da Boka duk suna ciki, na inuwa ne kawai sai a Player's Handbook. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa saura ta Xender, ku haɗa da manhajar jefa ƙwaya da ke aiki ba intanet.

Shawarata: a samu Boka ɗaya da Ɓarawo ɗaya, kada kowa ya ce shi ne gwani. Ku fa, wa za ku ɗauka? Allah Ya zaunar mana da yankinmu lafiya, amin.