Batun Kare Haihuwar Mata Masu Jinyar Cutar Daji

Kamar yadda aka sani, cutar dajin mama da ta bakin mahaifa su ne suka fi addabar matan Nijeriya, kuma da yawa daga cikin masu kamuwa da su ba su wuce shekarun haihuwa ba. Abin da ba kasafai muke tattaunawa ba shi ne, maganin da ke ceton ran mace yana iya raba ta da haihuwa.

Ana haifar mace ne da duk ƙwayayen haihuwarta, kimanin miliyan 1 zuwa 2, kuma jikinta ba ya ƙera sababbi. Magunguna irin su cyclophosphamide da gashin da ake yi wa ƙugu suna lalata waɗannan ƙwayaye, har haila ta ɗauke kafin lokacinta. Haɗarin yana ƙaruwa da yawan maganin da kuma shekarun majinyaciya.

To amma akwai mafita idan an yi hanzari. Ana iya ciro ƙwayayen a daskarar da su kafin a soma magani, aikin da kan ɗauki kamar mako 2. Yarinyar da ba ta balaga ba kuwa, ko wadda jinyarta ba za ta jira ba, ana yankar wani ɓangare na ma'ajiyar ƙwanta a adana, a mayar mata bayan ta warke; a shekarar 2004 ne aka fara samun haihuwa ta wannan hanya a Beljiyam. Haka kuma likita na iya ɗage ma'ajiyar ƙwan daga inda za a gasa. Allurar goserelin, wadda ke kwantar da aikin ma'ajiyar ƙwan lokacin magani, ta fi sauƙin samu, sai dai ba ta kai daskarwa tabbas ba.

A ganinmu, matsalarmu ba ta kuɗi kaɗai ba ce, duk da cewa cibiyoyin daskarwa sun fi yawa a Legas da Abuja, kuma da tsada. Babban giɓin shi ne rashin bayani. A al'ummar da ake auna zaman aure da haihuwa, mace na iya guje wa asibiti don tsoron a ce ta zama juya, ta koma ga masu maganin gargajiya har cutar ta ci ƙarfinta. Saboda haka muna kira ga asibitocinmu da su wajabta wa likitoci zama da majinyaciya, da mijinta ko iyayenta idan ta amince, a bayyana mata haɗarin da zaɓin da take da shi tun kafin allurar farko.