Wasiƙa ga Masu Wayarin Mota: Fis Ba Ya Ƙonewa Banza

Zuwa ga 'yan'uwana masu wayarin mota na Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, iyayen gida da yaransu.

Ina so mu tattauna a kan wani ɗan aiki da aka raina a garejinmu, wato fis ɗin fankar hita. Roƙona ɗaya ne. Idan ya ƙone, kada a ɗaure shi da silin waya, kada a naɗe shi da takardar kwalin sigari, kada kuma a sa wanda ya fi shi ƙarfi. A nemo abin da ya ƙona shi tukuna. Ruwa ba ya tsami banza.

Wani zai ce ina ruwan ƙasar zafi da hita. Mai faɗin haka bai kwana a gindin duwatsun Riruwai cikin watan Janairu ba, bai kuma taso da lodin masara da asuba daga Doguwa ya nufi Kwanar Ɗangora hunturu na kaɗawa ba. Kuma aikin fankar nan bai tsaya ga ɗumama jiki ba, ita ce take hura iska a gilashin gaba. Da damina, idan ruwa ya tsuge aka rufe tagogi, mutum bakwai ko takwas suna numfashi a cikin Golf, nan da nan gilashi yake yin hazo. Sai ka ga direba ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana goge gilashi da tsumma, a tsakiyar dajin Falgore, inda ba mai son tsayawa da dare. Gyaran fankar nan, ashe, kiyaye rayuka ne.

Kafin ka kwance komai, tambayi direba: yaushe ta daina, kuma yaya ta daina? Amsarsa rabin aikin ce. Daga nan ka ɗauki testa, ka kunna mota, ka taɓa ƙarafunan nan biyu da ke leƙowa a saman fis. Idan gefe ɗaya ya kawo wuta ɗayan bai kawo ba, ya ƙone. Ido kaɗai yana yaudara, don wani fis ɗin tsagewa yake yi siririya a wurin da ba a gani.

Idan ka sa sabo ya ƙone nan take, wata waya ce ta goge ta taɓa bodi, ko kuma motar fankar ta ƙone a ciki. Kada ka yi ta ƙona fis kana gwaji. Cire soket ɗin fanka, ka haɗa ƙwan babbar fitila a gurbin fis. In ƙwan ya kama tar alhali fanka a cire take, laifin yana kan waya. Bi ta a hankali kana motsa ta, musamman inda ta ratsa ƙarfe da inda wani ya taɓa jona rediyo ko cajar waya. Inda ƙwan ya mutu, nan ɓarnar take.

Idan kuwa sai fanka ta yi 'yan mintoci tana aiki sannan fis ya tafi, to motar fankar ce take jan wuta fiye da ƙima. Wannan shi ne ciwon yankinmu. Kwance ta ka gani: ƙurar hunturu ta daskare a fikafikanta, bushin ya bushe, wani lokacin ma ɓera ya tara ɓawon gyaɗa da gashin masara ya yi sheƙa, tunda motocinmu a kusa da rumbu suke kwana. Juya ta da yatsa. Lafiyayyar fanka takan zagaya sumul, mai ciwo kuwa tana cijewa tana ƙara. A wanke, a ɗiga mai a bushin, in ta ƙi a canza.

Akwai kuma inda fis ba shi da laifi ko kaɗan. Fankar da ba ta tashi sai an kai makunni lamba ta ƙarshe, rizisto ɗinta ne ya mutu, wato ɗan abin nan da ke cikin hanyar iska, domin lambar ƙarshe ba ta bi ta cikinsa. Wadda sai an ɗan bubbuga ta take tashi, burushinta ne ya cinye. Wadda ta yi shiru gaba ɗaya alhali fis lafiya lau, a duba rile da makunni da wayar bodi. Idan kuma iska tana fitowa amma da sanyi, ba aikinmu ba ne. Zafin hita daga ruwan inji yake zuwa, kuma motoci da yawa an cire musu tamostat ko an toshe tiyon hita. Faɗa wa direba gaskiya, ka tura shi wurin makanike.

Yanzu ga dalilin da ya sa na nace a kan silin waya. Fanka a ƙarshen gudunta tana iya jan ampiya 15 har 20, shi ya sa fis ɗinta a motoci da yawa yake 25 ko 30, wasu ma 40. Maƙerin mota ya auna shi ne daidai kaurin wayar da yake tsaro, domin ya riga ta narkewa. Idan wutar da ke bi ta waya ta ninka biyu, zafin da take haifarwa ninki huɗu yake yi. Ka cire fis ka sa tagulla, ka mayar da wayar kanta fis, ita kuma a ƙarƙashin dashbod take, cikin roba da soso da ƙura. Golf 3 da ta cika tashoshinmu tun 1991 aka fara ƙera ta, kuma mafi yawansu sun ci zamaninsu a Turai kafin su shigo ta Kwatano. Robar wayarsu ta tsufa ta yi tauri. Ba ta da sauran haƙurin da za ta ba ka.

Ku koya wa yara launi tun ranar farko: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari 25, kore 30. Su kuma saba karanta abin da aka rubuta a murfin akwatin fis, don lambar da ke nan ita ce hukunci, ba wadda suka tarar a ciki ba, wataƙila wani ne ya riga ya canza ta. In kun shiga Ƙofar Ruwa sayayya, ku zaɓi fis mai kyau. Akwai na jabu da robarsa take narkewa ƙarfen bai tsinke ba, kuma araha ba ta ado. Idan kun ga bakin gurbin ya yi baƙi ko ya narke, haƙoransa ne suka saki. A matse su ko a canza gurbin, in ba haka ba sabon fis ma zafi zai yi ta yi.

Na san matsin da ake sha. Direba yana tsaye a kanka, fasinja suna jira a tasha, yana cewa, "Oga, ɗan ɗaure min kawai in kai Kano." A nan ake gane mai sana'a. Ka ce masa, "Alhaji, ba zan ɗaure ba. In sauri kake, bari in cire soket ɗin fanka in naɗe bakin wayar, ka dawo gobe mu yi aikin gaskiya." Wataƙila ya yi fushi ya tafi wurin wani. Ƙyale shi. Kuɗin ɗauri bai kai na kwanon abinci ba, motar kuwa jarin gida guda ce, kuma akwai 'ya'yan mutane a cikinta.

Iyayen gida, yaro abin da ya ga hannunku yana yi shi zai ɗauka, ba abin da bakinku ya faɗa ba. Ku ajiye fis kala-kala a akwatin aiki, ku hana ɗauri a garejinku ko da kuna nan ko ba kwa nan, ku kuma yi maganar a taron ƙungiya domin doka ta zama ɗaya daga Tiga har Riruwai. Amana aka ba mu, kuma za a tambaye mu a kanta.

Allah ya sa wa sana'armu albarka, ya kai matafiya gida lafiya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a, daga Doguwa.