"Ku koma da shi gida, sai addu'a"

Jama'a, da wuya ka sami gida a cikin birnin Zariya da bai taɓa jin wannan maganar daga bakin likita ba. Kowa ya san fassararta: ciwo ya fi ƙarfin magani, ko daji ne da aka makara ba a gano ba, ko ƙoda, ko hanta. Ni ba na ganin laifin likitan da ya faɗi gaskiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo baya, daga ranar da aka dawo da mutum daga Shika aka shigo da shi lungu, zuwa ranar da za a fito da shi a makara.

Wannan tsakanin, wani mako biyu, wani wata huɗu, kamar ba na kowa ba ne. Asibiti ya sallama, dangi sun gaji da karo-karo, sai a bar mace ɗaya, ko matarsa ko 'yarsa, ita ce juyawa, ita ce wanki, ita ce sauraron nishi har asuba. Mu maza sai mu leƙo bayan la'asar mu ce "ya jiki?", ya ce "da sauƙi", mu ajiye ledar lemo mu fice. Amma ranar da ya cika, kafin awa biyu ƙofar gida ta cika, an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, har 'yan siyasa da mai ɗaukar musu hoto. Jana'iza kam mun iya ta, Allah ya ba da lada. Jinyar ƙarshe ce muka bar wa mata.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba, ciwon da ba ya warkewa ana iya kashe raɗaɗinsa. Akwai mofin na ruwa, ana sha da baki duk bayan awa huɗu, ba shi da tsada, kuma yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole kowace ƙasa ta tanada. A Yuganda wata likita Baturiya, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta kafa cibiyar kula da irin waɗannan majinyata a 1993. Garin maganin suke haɗawa da ruwa su zuba a kwalba. A 2004 gwamnatinsu ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, suna bin mutane har ƙauye. Yuganda fa, ba Ingila ba. Mu nan asibitin koyarwa na Ibadan ya daɗe da sashen wannan aiki, gwamnatin tarayya ma ta fitar da manufa a kai a 2021, amma ku tambayi mai jinya a Ƙofar Gayan ko Kwarbai ko ta taɓa jin labari.

Na san tsoron da ake ji. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, ga bala'in tiramol a hannun yaranmu, duk maganin da ya yi kama da wannan sai a ɗauke shi kayan maye. To amma dattijon da daji ya ci ƙashinsa ba ɗan shaye-shaye ba ne. Wasu kuma su ce ai ciwo kankarar zunubi ne. Haka ne, amma wanda azaba ta hana shi natsuwar yin salla da ambaton Allah, wace gata aka yi masa? Rage masa zafi ba gaggauta ajali ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba.

Sai ɓoye-ɓoyen nan namu. Likita ya ja babban ɗa gefe, gida duka a sani, mai jikin kaɗai ake ce wa "olsa ce". Wallahi ya sani, kawaici yake yi mana kamar yadda muke yi masa. A haka za a hana shi faɗin bashin da ke kansa, da amanar da ke hannunsa, da wasiyya, da neman yafiyar ƙanin da suka shekara goma ba sa magana a kan gado. A wurin aiki na sha ganin matar mamaci tana zarya shekara da shekaru a kan haƙƙin mijinta, saboda sunan magajin da ke fayil nasa na wansa ne da ya rubuta tun yana saurayi. Takarda ɗaya ce da zai sa wa hannu yana kwance, da an yarda an gaya masa.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta jihar Kaduna ba babba ba ne. Ga Asibitin Gambo Sawaba nan a Ƙofar Gayan. A horar da nas uku ko huɗu, a ba su babur da magani da littafin lissafinsa, su riƙa shiga lunguna sau ɗaya a mako, su duba zafi, su koya wa mai jinya juya majinyaci duk awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Kafin nan, kwamitin masallacin unguwa da ke tara kuɗin likkafani da rumfa zai iya tsara wanda zai kwana da majinyaci daren Litinin da wanda zai karɓa daren Talata, ko baiwar Allah nan ta samu ta runtsa.