Wasan Ƙarfe Tara da Wayar Inna

 A makon nan zancen ƙwallo za mu yi, sai dai ban zo da labarin wanda ya ci ko wanda aka lallasa ba, wannan kun fi ni sani. Ina so mu yi lissafin abin da kallon ƙwallo ke ci a cikin gida: lokaci, kuɗin data, cajin waya, da kuma yardar iyaye. Duk wanda ya taso a birnin Katsina, a Ƙofar Ƙaura yake ko Ƙofar Marusa ko Ƙofar Sauri, ya san daren Talata da na Laraba na Gasar Zakarun Turai. A daren ne ake neman yaro aike a rasa, a daren ne Inna take duba wayarta ta tarar da data ta ƙare, a daren ne kuma Baba yake tsayawa a zaure yana duba agogo.

Son ƙwallo a gidajenmu gado ne. Idan ka ga dattijo yana son Arsenal, bincika da kyau, sau da yawa za ka tarar Nwankwo Kanu ne sila, domin ya buga musu daga 1999 zuwa 2004. Yayyenmu da yawa sun koma Chelsea ne saboda Mikel Obi, wanda ya je can a 2006 ya kuma ɗauki Kofin Zakarun Turai da su a 2012. Mu kuma mun buɗi ido da Ahmed Musa, wanda ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2014, ya sake zura biyu a ragar Iceland a 2018. Ku kuwa zamanin Osimhen da Lookman kuka tarar, waɗanda suka zama gwarazan Afirka a 2023 da 2024. Saboda haka idan Baba ya yi faɗa a kan kallon ƙwallo, kada ka ɗauka bai san daɗinta ba. Tambaye shi inda yake ranar da Najeriya ta ci zinare a Atlanta a 1996, ka ga yadda fuskarsa za ta sake.

Abin da ya canja shi ne wurin kallon. A zamaninsu rediyo ɗaya ce a tsakar gida ko a dakalin ƙofar gida, kowa ya kewaye ta. Daga baya gidajen kallo suka zo, da janareto da benci da allon da ake rubuta wasannin ranar da alli. Yanzu wasan ya shigo tafin hannu. Yaro yana kwance a ɗaki, ya toshe kunne da iyafis, yana cikin gidan amma a kira shi sau uku bai ji ba. A nan ne rigima take farawa, kuma yawancinta ta rashin lissafi ce. Bari mu yi lissafin tare.

Na farko, agogo. Najeriya ba ta canja agogonta, amma ƙasashen Turai suna yi sau biyu a shekara: ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris su tura shi gaba da awa ɗaya, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba su dawo da shi. Shi ya sa wasan dare na Gasar Zakarun Turai yake farawa da ƙarfe 8 a wajenmu a watan Satumba ko Afrilu, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris sai ƙarfe 9. Wasa minti 90 ne, da hutun rabin lokaci minti 15, da 'yan mintocin da alƙalin wasa ke ƙarawa, ka ga an doshi ƙarfe 11. Idan zagayen sili-ɗaya-ƙwale ne aka tafi ƙarin minti 30 da bugun fenariti, sai wajen sha biyu saura. Ga tafiya gida cikin sanyin hunturu, ga musun da za a ci gaba da yi a WhatsApp. Likitoci masu nazarin barci suna cewa matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta sha biyu ya tashi Asuba bai samu shida cikakku ba. Malamin lissafi na darasin farko zai gane a idonsa.

'Yan aji shida ku ƙara lura da wani abu. Wasannin kusa da na ƙarshe na gasar suna faɗowa ne a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, na ƙarshen kuma a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Wanda PSG ta ci Inter Milan 5 da nema ranar 31 ga Mayun 2025 aka buga shi. Wannan lokaci shi ne daidai kakar JAMB da WAEC, NECO kuma tana biye. Wasan da ya wuce ka za ka same shi a YouTube washegari. Takardar da ta wuce ka sai wata shekarar, da wani sabon kuɗin rajista daga aljihun Baba.

Na biyu, data da caji. Yawancinku ba ku da wayar kanku, ta Inna ce ko ta Yaya ake ara. Bidiyo shi ne abin da ya fi komai cin data a waya. Kallon wasa ɗaya kai tsaye, kusan awa biyu, yana iya lashe gigabait ɗaya ko fiye, idan kuma hoton mai tsananin kyau ne ya ninka haka. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Datar da Inna ta saya don ta riƙa ɗora hoton atamfa ko turaren wutar da take sayarwa, ta kuma yi magana da 'yan'uwa a Funtuwa ko Maraɗi, ita ce za ta tafi a dare ɗaya. Da safe mai saye ya aiko saƙo bai shiga ba, ciniki ya wuce. Wannan asara ce ta gaske, kuma a tukunyar gidan za a ji ta.

Haka caji. A unguwar da wuta take yin kwana biyu ba a gan ta ba, batirin waya dukiya ne. Fawa bank ɗin da aka rubuta 10,000mAh a jikinta ba ta ba da duka abin da aka rubuta, domin wani kaso yana salwanta wajen sauya ƙarfin wutar da kuma zafi. Abin da ke isa waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Wayoyin yanzu da yawa batirinsu 5,000mAh ne, wato caji ɗaya ne da ɗan ƙari. Idan ka ƙarar da shi a kan wasa, da daddare wani ya kamu da rashin lafiya ana neman kiran mai mota, me za a ce?

Akwai dabarun rage wannan. Wayoyi da yawa irin su Tecno da Itel da Infinix suna da rediyon FM a ciki, ba ya cin data ko kaɗan, a mafi yawansu wayar iyafis ce eriyarsa. Manhajojin da ke nuna sakamako a rubuce ɗan abin da suke ci bai taka kara ya karya ba. Taƙaitaccen wasa na minti uku zuwa goma ya ishe ka ganin duk ƙwallayen da aka zura. Idan kallon ya zama dole, shiga saitin bidiyon ka rage shi zuwa 360p, a ƙaramin allon waya za ka ga wasanka lafiya lau. Ka kuma guji shafukan da ke cewa za su nuna maka wasa kyauta idan ka sauke wata manhaja ko ka shigar da lambar da aka turo. Wayar Inna tana ɗauke da asusunta na banki. Lambar sirri ɗaya da ka ba wanda ba ka sani ba tana iya kwashe jarinta.

Na uku shi ne mafi nauyi, wato amana. Wanda ya ce zai je karatun dare gidan abokinsa ya zarce gidan kallo ya ci riba sau ɗaya. Ranar da aka gane, ko karatun gaskiya zai tafi sai an haɗa shi da ɗan rakiya. Iyayenmu ba don mugunta suke tsoron dare ba. Kowa ya san halin tsaro da jiharmu ta shiga a shekarun nan, kowa kuma ya san masu ƙwacen waya ba sa neman kowa sai yaron da ke tafe shi kaɗai a lungu, fuskarsa na haske da allon waya.

A ƙarƙashin amana akwai maganar caca. Duba rigunan wasu ƙungiyoyi da allunan gefen fili, za ka ga tallan kamfanonin caca. Suna shigowa waya ma, suna cewa da naira ɗari za ka ci dubbai. Addininmu ya haramta caca, dokar ƙasa ma ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ya yi ta ba. Ko ta fuskar lissafi ma ba ta da riba. Ka ɗauka kana da rabin damar cankar kowane wasa daidai. Idan ka haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya, damar su faɗo duka ita ce ɗaya cikin 1,024. Je ka ninka biyu sau goma ka gani. Kamfanin ya yi wannan lissafi tun kafin a haife ka. Mai caca kuma ya rasa daɗin kallon kansa, domin ko ƙungiyarsa ta ci, idan tikiti ya tsinke baƙin ciki zai kwana da shi. Daga nan ne canjin cefane yake fara ɓata.

To mene ne abin yi? Shawarata ku yi yarjejeniya da gida tun kafin ranar wasa. Jadawalin wasanni yana fitowa makonni kafin a buga. Ranar Juma'a bayan an ci abinci, lokacin da Baba ya huta, ka durƙusa ka ce: "Baba, akwai wasa biyu da nake so a makon nan, na Asabar da yamma da na Laraba da dare. Idan na gama aikin makaranta da aiken gida, a bar ni in kalli ɗaya, tare da Yaya zan tafi mu dawo tare." Wanda ya zo da magana haka an fi sauraronsa a kan wanda ya tsallake katanga. Idan an ce a'a, ka haƙura da taƙaitaccen wasan safe. Idan an ce to, ka dawo a lokacin da ka faɗa, ko da ana tsakiyar fenariti. Cika alkawarin farko shi ke buɗe ƙofar na biyu.

Zaɓin wasan ma dabara ce. Wasannin Firimiyar Ingila na Asabar da rana suna farawa da ƙarfe 3 ko 4 a agogonmu, gwargwadon watan da ake ciki. Ka yi La'asar ɗinka, ka kalla, ka dawo wajen Magariba, babu makarantar boko washegari. Waɗannan su ne na ɗalibi. Na daren Laraba a bar wa manyan ranaku. Wanda Islamiyyarsa ta yamma ce kuwa ya san abin da ke gaba da wani.

Ku maza, ku duba tsakar gida kafin ku fita. Sau da yawa ƙanwarka ce take wanke-wanke da shara kai kana can kana ihu, alhali jarabawa ɗaya za ku rubuta. Ɗebo ruwan, kai niƙan, sannan ka tafi. Kada kuma ku ɗauka ƙwallo taku ce ku kaɗai. A watan Yulin 2025 Super Falcons suka ci Maroko 3 da 2 a gidanta, bayan an fara cin su biyu, suka ɗauki kofin Afirka na mata karo na 10. Super Eagles sau uku suka ɗauki nasu, a 1980 da 1994 da 2013. Idan akwai talabijin a gida, ranar wasan Najeriya a shimfiɗa tabarma a kalla tare, har da Inna da ƙananan yara. Wayar ma idan aka jingina ta da kwano mutum huɗu za su iya kewaye ta.

Kada mu manta da na gida. Muna da Katsina United, wadda ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997. Ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022, ta dawo babbar gasar a 2023. Filinta yana ɗauke da sunan Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya kafa wasan folo a Katsina a shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. Wasannin gasar Najeriya yawanci da ƙarfe 4 na yamma ake buga su. Nawa ne a cikinku suka san sunan ɗan bayan Real Madrid na uku, amma ba su taɓa taka Karkanda ba? Roƙi Baba ko Kawu ya kai ku wata rana. Ba data, ba caji, kuma hirar da za ku yi a hanyar dawowa za ta daɗe a ranku.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya ɗauki takarda ya rubuta awa nawa ya ba ƙwallo a kwana bakwai, har da musu da kallon bidiyo, sannan ya rubuta awa nawa ya ba darasin da ya fi ba shi wuya. Ku aiko mana da abin da kuka gano, tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga wasu daga ciki. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma sa iyayenmu su gama da mu lafiya.