WANDA BAI KWANA BA BAI GA YANKARI BA



Yau ina so mu ɗan tattauna ne a kan wata ɗabi'a tamu ta mutanen Bauchi da baƙinmu game da Yankari. Idan sallah ta zo, ko an yi hutun makaranta, sai ka ga an cika bas daga cikin gari da hantsi, a isa Wikki rana tsaka, a faɗa ruwa, a ɗauki hotuna, a ci shinkafar da aka zo da ita a kula, kafin la'asar sakaliya an juyo. A dawo gida ana cewa an je Yankari. Ni dai a nawa ganin wannan wanka aka je, Yankari kam ba a gan ta ba. Kuma asarar ta wuce ta mai yawon shi kaɗai, har dajin da mutanen da ke zagaye da shi ta shafa.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai, domin da yawanmu sunan kawai muka sani. Yankari tana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disambar 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi, sannan a 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, ya dawo hannun jihar Bauchi. Daga cikin gari za ka bi hanyar Gombe, ka saki titi a Dindima, ka isa ƙofar shiga a Mainamaji. To daga ƙofar ma akwai sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya a cikin daji kafin ka kai masaukin Wikki. Gaba ɗaya tafiyar ta haura kilomita 100.

Shi kuwa ruwan Wikki, daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, ba ya canzawa. Kimanin lita miliyan 21 yake zubarwa kullum, ya gangara kogin Gaji. Ba injin, ba gawayi, ba kuɗin wuta. Ikon Allah ke nan.

To me ya sa na nace a kan kwana? Dalili na farko, dabbobin dawa ba sa fitowa da tsakar rana. Da sanyin safiya da kuma yamma lis suke gangarowa shan ruwa, musamman da rani lokacin da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, kogin Gaji ya zama shi ne madogara. A nan ake sa ran ganin giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza, ga dorina da kada a ruwa. Wanda ya iso ƙarfe ɗaya ya tafi ƙarfe huɗu, abin da zai gani bai wuce gwaggon biri da mugun dawa da ke yawo cikin masauki ba. Sai ya koma gida yana cewa ai babu komai a dajin, ya kashe wa mutum goma sha'awar zuwa.

Dalili na biyu, Yankari ta wuce dabbobi da wanka. Akwai tsaunuka irin su Kalban mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda idan ka hau za ka hango dajin ya miƙe iya ganinka, da Kariyo, da Paliyaram, da kwazazzabon Tonlong. Akwai kogunan Marshall guda 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna a ciki. Akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130 da aka haƙa a dutse don tara ruwa. Akwai kuma tsofaffin matoyan narka tama, shaidar cewa kakannin wannan yanki maƙera ne tun kafin zuwan Bature. Mai karatu, ka gaya mini yadda za a ga waɗannan cikin awa uku.

Yanzu bari in yi maganar da na fi sani, wato ta kasuwa, tunda a rumfar mahaifina na tashi. Ɗakin masauki kamar tumatir yake. Atamfar da ba a saya yau ba tana nan a kanta har gobe, amma ɗakin da ya kwana babu kowa, cinikin wannan daren ya ruɓe, ba zai dawo ba har abada, alhali mai shara da mai gadi da mai kula da janareta duk sai an biya su. Masaukin Wikki yana da ɗakuna sama da ɗari. Kowane ɗan kasuwar Muda Lawal ya san idan kaya mai lalacewa ya yi kwantai, rage farashi ake yi a sayar. Saboda haka ni da za a ji tawa, da an raba farashi: na ranakun aiki daban da na ƙarshen mako, na damina daban da na lokacin sallah da Kirsimeti. A faɗaɗa ɓangaren kwanan ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi, a yi rangwame ga mai zuwa da iyalinsa. Mahaifina bai taɓa korar mai sayen gwangwani ɗaya don yana jiran mai sayen buhu ba, domin masu gwangwanin nan su suke riƙe rumfa.

Kuma kafin a yi maganar sabon gini, a fara da riƙe wanda ake da shi. Baƙo ba ya tuna kyan fenti. Abin da yake tunawa shi ne ko famfo ya kawo ruwa, ko fanka ta juya da dare, ko zanin gado wankakke ne, ko ƙofa tana kulluwa yadda biri ba zai shigo ya kwashe masa burodi ba. Abokin ciniki na gaskiya shi ne wanda ya dawo karo na biyu ya kawo wani.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, amma kowa ya san da shi. Magidanta da yawa ba za su kai matansu da 'yan matansu inda ake wanka a cakuɗe ba, kuma matan su kansu ba za su sake ba. Wannan ba abin faɗa ba ne, abin tsari ne. A Japan, ƙasar da ta yi suna da wuraren wankan ruwan zafi, akasari ɓangaren maza daban na mata daban. Me zai hana a ware wa mata wasu sa'o'i a kullum, da ma'aikata mata masu kula? Sauran lokaci kowa ya yi yadda ya saba. Rabin jama'ar gari mata ne, kuma ɗan kasuwar da ya rufe ƙofarsa ga rabin gari shi ya so.

To ina ruwan giwa da kwanan baƙo? Ruwanta kuwa babba. Giwayen Yankari, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 100 zuwa 150, suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, kuma dajin na cikin 'yan wuraren da zaki ya saura a ƙasar nan. An yi shekarun da mafarauta suka yi musu ɓarna saboda haure. A 2014 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Wildlife Conservation Society a kan tsaron dajin, sintiri ya ƙaru, kisan giwa ya ja baya ƙwarai. Amma masu gadin daji albashi suke ci, motocinsu mai suke sha. Mai zuwa ya juya kuɗin ƙofa kaɗai ya bari. Mai kwana biyu kuwa ya biya ɗaki, ya ci abinci, ya hau motar zagaye safe da yamma, ya sallami ɗan rakiya.

Sannan mu tuna da manomin da ke bakin dajin. Giwa ba ta san iyaka ba, a dare ɗaya sai ta tattake gonar dawar da mutum ya yi damina guda yana wahala a kanta. Idan wannan bawan Allah bai ga ko sisi daga Yankari ba, da wane baki za ka ce masa ya ƙaunaci giwa? A Ruwanda, tun 2017 kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da gandun dajinsu ke samu daga baƙi ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye. Mu ma ko ba mu kai haka ba, ai ƙwai da kaji da zuma da kayan miyan da ake dafa wa baƙi a Wikki bai kamata a nemo su daga nesa ba, alhali ga Mainamaji a bakin ƙofa.

Na san wani zai ce, ana fama da abin sawa a baki, wa yake ta yawon buɗe ido? Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Amma mu duba abin da muke kashewa a anko da ɗinkin sallah da kamun biki. Kuma ai masu zuwa suna zuwa, har sun biya kuɗin mota wanda shi ne mai nauyin. Abin da ya rage a sauƙaƙa musu daren ne kawai. Wani kuma zai ce idan jama'a suka yi yawa za su ɓata wurin. Wannan tsoro yana kan hanya, kuma maganinsa doka ce da za ta hau kowa: ba sabulu ko wanki a cikin Wikki, ba zubar da leda, ba bai wa birai abinci, ba kiɗa da dare. Ni a ganina ma mai kwana ya fi mai rugowa kiyaye wuri, domin shi zai wayi gari a cikinsa.

Daga ƙarshe, cikin garin Bauchi ma yana da rabo. Baƙon da ya taso daga Kano ko Maraɗi ko Jos, a nuna masa ya kwana ɗaya a gari, ya ziyarci kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ga fadar da ta samo asali daga Malam Yakubu, ya zaga Wunti ya ci masar Bauchi da zafinta. In yana da hali ya leƙa Sumu ya ga raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. Mai otal ya samu, mai Keke Napep ya samu, mai masa ta samu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka ɗan'uwa, idan Allah ya kai mu rani kuma ka yi niyya, ka tara kuɗin dare ɗaya a kan na mota. Ka yi sallar asuba a Wikki, ka bi motar farko zuwa bakin Gaji, in ka dawo ka shiga ruwan da sanyin hunturu kana jin ɗuminsa har ƙashi. Bayan nan sai mu yi maganar ko ka ga Yankari.

Allah ya ba mu zaman lafiya da abin zuwa. Sai wani jiƙon.