Dokin Zango ya koma karkara, amma da takarda a hannu

Tun shekarar 2003 da aikin sake gina tsakiyar Wagadugu, wato ZACA, ya tashi unguwarmu ta Zangouettin tare da Koulouba da Tiedpalogo da Peuloghin, wasu suka koma Waga 2000, wasu Nioko, da wuya ka sami ɗan Zangon Wagadugu mai gidan da zai kafa turke a ciki. Fili ya isa ɗakuna da ɗan tsakar gida, shi ke nan. Shi ya sa in na ji wani namu na cewa zai kwashe iyali ya koma wajen Koubri ko Loumbila ko Pabré don ya riƙe dawaki, ba na ganin wautarsa. Ina bayansa.

Burkina ƙasar doki ce. Dawaki biyu ne a tambarin ƙasa, babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO dokin Yennenga ce, kuma duk safiyar Juma'a sai an ɗaura wa doki sirdi a fadar Mogho Naaba, sarkin Mossi. Amma dubi yadda dabbar nan take rayuwa a cikin gari. Wani maƙwabcina yana da kili, kyakkyawa, wanda yara ke bi a guje ranar Sallah. A gindin katanga yake ɗaure, bakin kwata, babura na wucewa ta hancinsa. Ba wurin birgima, ba wurin sukuwa. Da bazara harawa ta yi tsada, sai ya shiga tsintar abin da iska ta kawo, har da leda. Wata safiya aka same shi yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, gumi na zuba. Kafin la'asar ya mutu. Mutumin nan yana son dokinsa, wuri ne bai da shi.

To amma komawa karkara ba a yin ta da ɗoki. Wanda zai duba fili kada ya je a watan Agusta, lokacin da ko'ina kore shar. Ya je a Afrilu, ya leƙa rijiya da idonsa, domin doki ɗaya kan sha lita 30 zuwa 40 a rana in zafi ya tsananta. Ya guji fadama duk da kyan ciyawarta: laima tana ɓata kofato, ga kaska, ga sauro. Jigawa ta fi, inda zai noma wake da gyaɗa ya tara harawarsa, ya sa gero da dawa a rumbu.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. Mutanenmu sun saba a kai wa mai ƙasa goro da kaza, a yi addu'a, a ce an gama. Ba a gama ba. Dokar filayen karkara ta 2009 ta tanadi takardar shaidar mallaka da ake nema a ofishin magajin gari, kuma kamfanonin gine-gine sun riga sun lamushe filaye masu yawa a kewayen Wagadugu, har sai da aka yi sabuwar doka a 2023 don taka musu birki. Mutanen da aka taɓa tasa sau ɗaya bai kamata su sake gini a kan alkawarin baki ba.

Kada kuma a yi nisa. Barani, garin Fulani mai bikin dawaki, yana can yankin da tsaro ya taɓarɓare. Tafiyar awa guda daga birni ta wadatar, yadda likitan dabbobi zai iso, yara su yi makaranta, a zo suna da jana'iza. Zumuncin Zango ya sha wuya a tashin farko, bai kamata mu ƙara yayyaga shi ba.

Kirana ga dattawanmu da masu hali shi ne kada kowa ya tafi shi kaɗai. Gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi fili ɗaya, su haƙa rijiyar burtsatse, su gina barga da masallaci, su ɗauki samarin da za su koyi wanka da ɗaurin sirdi. A fara da neman takardar, kafin a sayi ko da linzami.